Gero a Kan Tsofaffin Taurari

Abin da idona ya fara sauka a kai ranar da aka shigar da mu ɗakin kimiyya shi ne wasu fararen takardu biyu da aka maƙala a jikin allo, duk sun yi baƙin ɗigo-ɗigo. Na ɗauka kashin ƙuda ne. A gidanmu in kalanda ta kai haka, sauke ta ake yi a ba mai ƙosai. Ɗigon ya cunkushe a tsakiya har ya zama baƙi ƙirin, yana raguwa zuwa gefe, kuma ta hagu ta fi ta dama datti nesa ba kusa ba.

Muna aji uku a makarantar kwana ta 'yan mata a Dutsin-Ma, farkon shekarun tamanin, tun Kaduna ce hedikwatar jiharmu. Malamar fiziks ɗin sabuwa ce, Kirista daga wajen Jos, doguwa, kullum da shatin alli a bayan siket ɗinta don a nan take goge hannu. Ta bari muka gama ƙus-ƙus, sannan ta ce hoton taurari muke kallo. Juya shi aka yi, sama ta zama fara, taurari baƙaƙe, don ido ya fi rarrabe su a haka. Ƙanenta da ke karatu a ƙasar waje ne ya aiko mata.

Ta ce wani dunƙule ne na taurari, dubbai a kan dubbai, sun taru wuri guda kamar curin fura. Tare aka haife su, kuma duk tsofaffi ne, sun girmi ranarmu ƙwarai. Hoton hagu daga ƙasa aka ɗauke shi, da hasken da ido ke gani. Na dama kuwa da wani haske ne da ke gaba da shuɗi, ta rubuta sunansa a allo: ultrabayolet. Ido ba ya ganinsa, iskar da ta lulluɓe duniya kuma tana tare shi. Sai da aka ɗora kyamara a kan roka aka harba ta sama da iskar, ta yi 'yan mintuna ta ɗauko hoton, ta sauko da laima.

"Wuri ɗaya ne, taurari ɗaya ne," in ji ta. "To ina sauran suka shiga a na dama?"

 Ni na lura da wani abu. Manyan ɗigon da suka fi cika ido a hagu su ne babu a dama, wasu 'yan mitsi-mitsi kuma da ba wanda zai kula da su, su ne suka zama manya. Na buɗe baki na rufe. Hannuna yana ƙarƙashin tebur, can kuma ya zauna.

Ita ta ba kanta amsa. Tauraro in ya tsufa kumbura yake yi, ya yi ja, bayansa ya huce. A hasken ido ya fi kowa girma, a wancan hasken kuwa ba shi da abin nunawa. Daga baya wasunsu sukan zubar da rigar waje, cikin mai zafi ya fito fili. Ƙanana ne a ido, amma a ultrabayolet su ke ci bal-bal. Sai na tuna surfe, dusa ta tafi tsaba ta fito. Wannan ma ban faɗa ba.

Ana gobe hutu ta aika aka kira ni. Ita ce za ta zaɓi waɗanda za su shiga ajin kimiyya a shekara mai zuwa, kuma ba abin da nake so a duniya kamar wannan ajin.

"Takardun jarrabawarki suna magana, ke ba kya yi," in ji ta. "Ba zan sa yarinya kusa da wuta da asid ba, alhali in abu ya zube ba za ta iya cewa ya zube ba."

Ta sauke hotunan daga allo, ta sa su tsakanin kwali biyu. Aikina shi ne in bar baƙin tsakiyar, in ƙirga taurarin gefe a hoton hagu, in gano waɗanda suka saura a na dama, in an dawo hutu in tsaya gaban aji in yi bayani na minti biyar da bakina. In na yi, ina ciki.

"Kada biro ya taɓa su. Kada allura, kada ruwa. Su ke nan gare ni."

Na rungume kwalin a bayan a-kori-kura tun daga Dutsin-Ma har garinmu Kurfi, hadari na bin mu a baya. Muna shiga gari, bayan shingen ɗakin shan magani, na ga wata tunkiya mai tsagaggen kunnen hagu da jan ƙyalle a wuya, tana kiwo cikin awakin da da gani ba nata ba ne. Haka nake tun ina ƙarama, ina ganin abubuwa in ajiye su, ba don za su yi mini amfani ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Inna ba ta kama sunana, in za ta yi mini magana sai ta yi wa turmi ko bango. Baba, ɗan kasuwar hatsi, shi ma in ya shigo na gaishe shi, gyaran murya ce amsa. Duk maganar da ke tsakanina da su ta bakin Goggo take bi, yayar Baba, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta.

Na rasa yadda zan ƙirga ɗigo ɗaruruwa ba tare da na yi musu alama ba. Sau uku ina farawa da yatsa ina ɓacewa. A rana ta biyu dabara ta zo mini. Na shiga ɗakin ajiyar da ke kusa da madafa, na ɗora kowane hoto a kan faifai, na gitta zare biyu na raba shi gida huɗu. Na ɗebo gero da jar dawa. Duk babban tauraron da ya ɓace a hoton dama, in ɗora masa ƙwayar dawa a hagu. Wanda ya saura, in ɗora masa gero. Da tsinken tsintsiya nake tura ƙwayar har ta zauna daidai, ina ƙidaya a hankali da leɓena. In na gama gida ɗaya sai in kwashe, in jera goma-goma. Ba tawada, ba huji. Na ji daɗin kaina sosai.

Akwai wani tauraro can gefe, wajen kusurwar sama. A hagu da ƙyar ake ganinsa, sai na karkata faifan wajen haske. A dama kuwa ya fi kowa, baƙi dunƙul kamar ƙwayar wake. Shi na yi niyyar fara bayanina da shi.

Ina cikin gida na biyu, tsakanin azahar da la'asar, inuwa ta rufe mini ƙofa. Iya mai daddawa ce, tsohuwar da ke bayan gidanmu, ta zo aron rariya.

"Sannu da aiki, 'yar boko. Mi kike yi haka ke kaɗai?"

"Taurari nake ƙirgawa, Iya. Aikin makaranta ne."

"Taurari? Da rana tsaka?"

Ta dubi rufin ɗaki. Ta dubi fayafayan, da zaren da ya gitta, da hatsin da ke jere, da tsinken hannuna. Sai ta ajiye rariyar, ta zauna a hankali, ta rage murya.

"To, tunda Allah ya kawo ni. Tunkiyata kwana biyar ke nan ba ta kwana gida ba."

"Iya, ni ban san wannan ba. Ƙidaya ce kawai."

"Na sani, ɗiyata, na sani. Kunnenta na hagu a tsage yake, da jan ƙyalle a wuya."

Da na yi shiru, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma tsohuwa ce, tunkiyar kuma ita ce dukiyarta. Na ce ta duba bayan ɗakin shan magani, cikin wasu awaki. Na faɗa kaina a sunkuye, don ba a kallon babba a ido, kuma abin da ke gabana in na sunkuya shi ne faifan. Tsinken ma yana hannuna, yana kan wata ƙwayar gero.

Kafin la'asar sakaliya ta dawo tana jan tunkiyar, da ƙwai huɗu a ƙwarya.

"Iya, wallahi da idona na gan ta, daga cikin mota, ranar da na dawo."

"Haka ne, daga mota." Ta dafa kafaɗata. "Ba mai ji a bakina."

Washegari mata uku na tarar a ƙofar ɗakin ajiya. Ta ɓarauniyar ƙofar da ke tsakanin gidaje suka shigo. Ɗaya mijinta ya tafi Ikko shekara biyu ba wasiƙa. Ɗaya ɗan kunnenta ya ɓace, tana kuma da wadda take zargi, so take kawai in tabbatar. Ta ukun tsohon ciki gare ta, tana son sanin mace ce ko namiji kafin ta sayi kaya. Na ce da kowace ban sani ba. Na faɗa a hankali, ina kallon ƙasa, yadda aka koya mini.

"Bai fito ba tukuna," in ji mai ɗan kunnen, tana yi wa sauran bayani. "Sai mu dawo gobe."

Suka dawo kuwa, har da ƙari. In na ce aikin makaranta ne, sai su jinjina kai su ce lallai boko ya yi nisa. In na yi shiru, sai su ma su yi shiru, suna jira. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce taurarin nan tsofaffi ne, nisansu ya wuce misali, ba su san da Kurfi ba balle ɗan kunne. Wata ta ce, "Ai tsofaffin su suka san komi." Aka yi ta cewa gaskiya ne.

Ƙidayar kuwa ta ƙi gaba. Yau bakin zanen wata ya share mini gida guda, gobe jaririn wata ya kai hannu ya damƙi dawa ya kai baki. Na koma farawa da an sallame asuba, suka gane, suka riƙa zuwa da kokon karin kumallonsu. Ranar da na kusa kuka ita ce ranar da matar mai gyaran keke ta miƙa hannu, ina gani, ta tsame gero daga gida na uku, aikin kwana biyu, ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Zan zuba cikin irin wake, don albarka. Ba ki hana ba dai ko?"

Ban hana ba. Na sake ɗebo gero na fara daga ɗaya.

Inna tana daka a tsakar gida ta ce wa turmi, "An kai wasu boko, sun dawo mana da kasuwa cikin gida." Na so ta shigo ta kore su, ita da ke da bakin yi, amma shiga maganar 'yar fari a gaban mutane abin kunya ne, sai a ce tana nuna so. Na kai kuka wajen Goggo. Na same ta tana ɓare dafaffen ƙwai, cikin waɗanda ake kawowa.

"Goggo, ki gaya musu ba duba nake ba."

"Na gaya musu."

"Me kika ce?"

"Na ce yarinyar ba ta son a yi ta yayatawa." Ta barbaɗa yaji. "Ƙwai dai ba shi da laifi."

Baba ba ya gari yawancin kwanaki, yana bin kasuwanni. A shekarun nan masu wa'azi sun fara zagaya garuruwa suna faɗa a kan duba da tsibbu, shi kuma a sahun gaba yake zama in sun zo, ya dawo yana maimaita abin da suka ce. Daga baya na ji yadda labarin ya same shi. A ƙofar masallaci wani abokin wasansa ya tare shi gaban jama'a ya ce, "Alhaji, ashe babban malami gare ka a gida, ka bar mu muna wahala? Ni ma jakina ya ɓace." Aka yi dariya.

Ya shigo bayan la'asar. Gyaran muryarsa kaɗai ta watsa matan, wata har ta bar takalmi ɗaya. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ajiya, inda ban taɓa ganin ya tsaya ba. Ya dubi fayafayan da zaren. Ya dubi ƙwai, da goro, da ƙullin daddawa da ke jingine a bango. Ni ina durƙushe, tsinke a hannu. Ya sunkuya ya zare hotunan biyu, hatsin ya zube shar a ƙasa. Gida uku da rabi na riga na gama zuwa ranar.

 A tsakar gida ya tsaya ya yi wa Goggo magana, da ƙarfin da zan ji.

"Ki gaya mata ba don wannan na kai ta makaranta ba. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan ƙone su a ƙofar gida, waɗanda suka yi dariya su gani. Kimiyyar kuma, in wagga ce, an gama ta."

"Haba, Alhaji. Ta ce ƙidaya ce ta makaranta."

"Kowane mai duba ƙidaya yake cewa yana yi."

"To ai ba ƙarya ta yi wa kowa ba," in ji Goggo, wai tana kare ni. "Tunkiyar dai an same ta inda ta ce."

Na ji ƙarar kwaɗon akwatinsa na ƙarfe.

Kwana biyu suka rage Juma'a. Na yi su ina jin haushin kowa. Haushin Iya da tunkiyarta mai yawon tsiya. Haushin Goggo da ƙwanta. Haushin Inna da ta ga komai ta gaya wa turmi. Har Malama na ji haushi, da ƙanenta, da waɗanda suka rasa abin yi sai harba kyamara sama. Na yi ta ganin kaina a gabanta hannu wofi, tana tambaya ina hotunanta, su ke nan gare ta, ni kuma ina kallon ƙasa. Na roƙi Goggo ta sake gwadawa, ta ce ita ta yi iyakar ƙoƙarinta. Na yarda, don na ji irin ƙoƙarin. Na yi tunanin rubuta wa Malama wasiƙa, amma ta tafi gida hutu, kafin wasiƙa ta kai Jos toka ma ta huce. Ba wanda ya rage sai ni, kuma ni tunda aka haife ni ban taɓa fara yi wa Baba magana ba in ba gaisuwa ba.

Ranar Juma'a da hantsi wasu manoma biyu daga Ɗantutture suka kawo masa dawa a kan jakuna. Ina bayan ƙofar zaure ta ciki, ina leƙe ta tsagar ƙyaure. Ya tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ƙasa, ya baza a tafinsa. Da ɗan yatsa ya ware wasu ƙwayoyi gefe. Ya ciji ɗaya daga nan, ya ciji ɗaya daga can.

"Wannan ta bara ce. Wannan kuwa ta bara waccan. Kun gauraya."

"Wallahi, Alhaji, rumbu ɗaya ne."

"Na yarda rumbu ɗaya ne. Ƙasansa kuka kwaso."

Babban cikinsu ya yi dariya ya ce da ɗan'uwansa, "Ban gaya maka ba?" Ni a idona duk dawar iri ɗaya ce, ja ce kawai. Shi kuma ya ware ta gida biyu a tafin hannunsa, ba wanda ya ce duba yake yi.

Da suka daidaita suka fita, na koma ɗakin ajiya na ɗauko fayafayan biyu, da zaren, da tsinken, da gero da dawa a ƙananan ƙore.  Na yi sallama a ƙofar zaure, muryar ba ta fito ba, na sake. Ya ɗago, ya ga ni ce, ya duba bayana yana neman Goggo. Ba Goggo. Na durƙusa na ajiye kayan a tsakaninmu.

"Baba," na ce. Sai na ga idona ya koma kan faifai, na ɗaga idon da ƙyar har ya kai maɓallin rigarsa. "Hotunan nan ba nawa ba ne, amana aka ba ni. Tunkiyar daga mota na gan ta. Yadda ka ware dawar bara da ta bara waccan, haka nake ware taurarin, ba wani abu ba. Ina roƙon ka fiddo su kafin a kira salla. Gida ɗaya kawai za mu yi. Kai za ka riƙe tsinken, ni in riƙa nuna maka inda za ka sa. In ka ga wani abu ban da ƙidaya, ni da kaina zan ɗauko maka ashana."